Kasuwar da Ba Ta Tashi: Waya, Intanet da Jarabar Saye

Ya kai mai karatu, ka san yadda kasuwar Nima take ranar Laraba. Tun da sassafe motoci sun sauke buhunan masara da gero da wake, masu albasa sun baje, masu kayan yaji sun jera kwanoninsu, hanya ta cushe har mai tafiya a ƙasa sai ya riƙa karkacewa. Wanda ya fito sayayya a irin wannan rana, kafin kuɗi su bar hannunsa sai ya sha rana, ya ratsa cunkoso, ya taya an ce albarka, ya juya zai tafi a kira shi ya dawo. In ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa, maƙwabciya ta gani, gwaggonsa ta gani, kafin ya isa gida labari ya riga shi. Da magariba kuma kasuwa ta watse, mai kuɗi da marar kuɗi kowa ya kama gabansa.

Yau akwai wata kasuwa a aljihunka wadda ba ta da ranar ci, ba ta da lokacin tashi. Ƙarfe biyun dare tana ci, ranar Sallah tana ci. Ba ka ratsa cunkoso kafin ka shige ta, ba wanda ya ga shigarka, ba wanda ya ga abin da ka fito da shi. Ga mafi yawan mutane wannan sauƙi ne da alheri. Mata da yawa a Nima da Maamobi da Sabon Zango suna ciyar da gidajensu da cinikin da suke yi ta WhatsApp ba tare da sun kama hayar shago ba, kuma ɗan da ke aiki a Amurka ko Jamus ko Saudiyya yana aiko wa mahaifiyarsa kuɗi su iso kafin ta gama alwala. Amma akwai waɗanda wannan kasuwa ta zame musu ciwo. Saboda su aka rubuta wannan takarda, da kuma iyalansu. Za mu riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma 'yar'uwa, da ke ma muke.

Ciwo ne da likitoci suka daɗe da sani

Jarabar saye ba ta zo da waya ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Emil Kraepelin, ya bayyana ta a littafinsa tun 1915, zamanin da ba a san intanet ko a mafarki ba. Ya ga mutanen da ke saye ba don buƙata ba, suna tara bashi kan bashi, kuma sun kasa bari ko da sun ga inda abin zai kai su. A wani nazari da aka wallafa a 2006, masu bincike na Jami'ar Stanford suka yi hira ta waya da manya 2,513 a Amurka, suka sami alamun ciwon a jikin kashi 5.8 cikin 100. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne tazarar da ke tsakanin mata da maza ba ta taka kara ta karya ba: kashi 6 a mata, kashi 5.5 a maza. A 2016 aka tattara bincike 40 daga ƙasashe 16, sakamakon ya tsaya a kusan mutum 1 cikin kowane 20 na manya, kuma adadin ya fi haka a tsakanin ɗaliban jami'a. Waɗannan alƙaluma na wasu ƙasashe ne, kada ka ɗauke su ƙidayar unguwarku. Abin da suke nunawa shi ne ciwon ba na attajirai ba ne kaɗai, ba na mata ba ne kaɗai, kuma galibi yakan fara ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa farkon shekaru ashirin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundinta na rarraba cututtuka da ya fara aiki a Janairun 2022, ta ambace shi cikin matsalolin kasa riƙe kai daga abin da zuciya ta ɗarsa.

To, ina iyakar son kaya, ina farkon ciwo? Ba yawan kuɗin da aka kashe ne ma'auni ba. Attajirin da ya sayi mota ta uku yana iya zama lafiya ƙalau, mai sayar da koko da ƙosai kuma tana iya kamuwa da sayen ɗan kunne na sidi 20. Ma'aunin shi ne wanda ke riƙe da linzami. Mai wannan ciwo yakan wuni tunanin saye yana kai-kawo a ransa. Zuciyarsa takan ƙuntata, ya ji ba abin da zai kwance ƙullin sai ya danna ya biya. Da ya biya sai ya ji sanyi, amma sanyin ba ya daɗewa. Kafin ɗan babur ya iso da saƙon, nadama ta riga shi isowa. Sau da yawa kayan ko buɗe su ba a yi, a cusa a ƙarƙashin gado ko a ƙasan akwatin lefe, ko a ce wa mai kawowa ya ajiye a shagon ƙawa don kada mutanen gida su gani. Nadamar nan ita ce ke sake ƙuntata zuciya, zuciyar da ta ƙuntata kuma ta riga ta san inda ta sami sauƙi jiya. Haka abin ke zagayawa.

Abin da waya ta cire

Kasuwar ƙasa tana da shingaye da ba wanda ya kafa su da gangan, amma suna kare mai rauni: nisa, rana, idon jama'a, nauyin kuɗi a hannu, lokacin da taye ke ci, da faɗuwar rana. Kowane ɗaya yana ba zuciya damar hucewa. Kasuwar waya an gina ta ne musamman don a kawar da su, domin duk daƙiƙar da mai saye ya tsaya tunani, mai sayarwa yana iya rasa ciniki.

Fara da idon jama'a, don shi ya fi shafar mutanen zango. A gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da tsakar gida ɗaya, ba a shigo da leda a ɓoye. Muna yawan kuka da sa-ido, kuma da gaskiyarmu, amma sa-idon nan ya hana mutane da yawa faɗawa rami. A 2009 wasu masu bincike a Amurka suka tambayi masu sayen tufafin mata a wani kanti na intanet dalilin da ya sa suka fi son saye a can. Waɗanda suka fi nuna alamun jarabar saye sun fi sauran ambaton abu uku: suna saye ba mai ganinsu, ba sai sun yi hulɗa da kowa ba, kuma daɗin yana zuwa nan take. Wato abin da lafiyayye ke kira sauƙi, ga mai ciwon mafaka ce.

Sai nauyin kuɗi. Wanda ya ƙirga takardun sidi ɗaya bayan ɗaya ya miƙa, yana jin fitarsu a jikinsa. Wannan ba zancen baki ba ne. A 2007 masana suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu kaya da farashi. Ganin abin da mutum ke so yana motsa sashen da ke jiran daɗi, ganin farashin da ya yi tsada kuma yana motsa wani sashe da aka san shi da jin zafi da ƙyama. Saye yana faruwa ne in na farko ya rinjayi na biyu. Duk abin da ya rage zafin biya, ya ba kwaɗayi nasara. Tun 2001 malamai biyu na jami'ar MIT suka gwada haka: suka yi gwanjon tikitin kallon wasan ƙwallon kwando, aka ce wa wasu za su biya da tsabar kuɗi, wasu da katin bashi. Masu kati sun taya kusan ninki biyu. Mu a nan kati bai yaɗu ba, amma muna da abin da ya fi shi kusa da hannu. MTN ta fara MoMo a Ghana a 2009, daga Mayun 2018 kuma aka haɗe hanyoyin kamfanonin waya ta yadda kuɗi ke tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan. Yau lambobin sirri huɗu ne tsakaninka da kuɗin hayarka. Ko harajin tura kuɗi da aka ɗora a Mayun 2022, wanda kowa ya yi ta ƙorafi a kansa, yakan sa wasu su ɗan tsaya su yi lissafi kafin su tura. An soke shi a Afrilun 2025. Ba cewa muke a dawo da shi ba, misali ne kawai na yadda ɗan ƙaramin tsaiko ke da tasiri.

Na uku shi ne dare. Yawancin masu fama da wannan matsala za su gaya maka cewa ba da rana suke faɗawa ba. Sai an kwanta, gida ya yi tsit, gajiya ta taru, damuwar da aka danne tun safe ta taso, barci ya ƙi zuwa. A wannan lokaci ƙarfin hana kai ya yi ƙasa, waya kuma tana gefen matashi. Dā can mai irin wannan hali sai ya yi ta juyi har asuba, gari ya waye sha'awar ta wuce. Yanzu kafin asuba an tura kuɗi.

Na huɗu ya fi sauran wayo. Mai shago a Makola yana iya sanin fuskarka, amma bai san abin da ka tsaya kallo jiya da dare ba. Manhajojin TikTok da Instagram da Facebook sun sani. Suna lura da hoton da ka daɗe a kansa, da wanda ka koma ka sake kalla, da abin da ka nema, su riƙa kawo maka irinsa. Ka duba takalmi ɗaya, takalma su bi ka mako guda. Ga kuma dabarun gaggawa: saura guda biyu, rangwamen zai ƙare da tsakar dare, agogo yana ƙirga daƙiƙoƙi a saman shafi. A watan Nuwamba, lokacin gwanjon Black Friday na kantuna irin su Jumia, abin yakan kai maƙura. Mai tallar kai tsaye a TikTok tana ɗaga abaya tana kiran sunayen waɗanda suka riga ka, kai kuma kana jin kamar jirgi zai tashi ya bar ka. Masana sun gano tun shekarun 1990 cewa sinadarin dofamin da ke ingiza mutum neman abu ya fi tashi a lokacin jira da tsammani, ba lokacin da abin ya shigo hannu ba, kuma rashin sanin abin da za a gani gaba yana ƙara masa ƙarfi. Shi ya sa jan shafi da yatsa ba ya ƙosarwa, shi ya sa kuma ledar da aka ƙagu a gani take zama kaya kawai da zarar an kwance ta.

Shin ke nan intanet ce ke haddasa ciwon? Gaskiyar magana, abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne suna tafiya tare, kuma kowane yana ciyar da ɗan'uwansa. Mai baƙin ciki ko fargaba ko kaɗaici yakan daɗe a waya don ya manta, daɗewar ta jefa shi cikin talla, sayen ya jawo bashi, bashin ya ƙara baƙin cikin. A Jamus, a 2019, likitocin Makarantar Koyon Likitanci ta Hannover suka duba marasa lafiya 122 da suka zo neman maganin jarabar saye. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu ciwon ya koma na intanet, kuma waɗannan ciwonsu ya fi tsanani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waya ba ita ta tsaga bangon ba a kowane lokaci, amma ta san inda tsagar take.

Yadda abin ke ɓuya a zango

A wurinmu ciwon yana da rigunan da yake sawa, shi ya sa ake daɗewa ba a gane shi ba.

Riga ta farko ita ce zumunci. Awure, suna, walima, Sallah ƙarama da babba, dawowar alhazai: kowane da yayinsa, wanda 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira anko. Dā sai an aiko miki da yanki a gida, ko kin ji a bakin ƙawa. Yanzu ana buɗe rukunin WhatsApp don biki guda, a saka hoton leshi da farashi da lambar MoMo, a riƙa jera sunayen waɗanda suka biya. Wadda sunanta bai fito ba kowa ya gani. Bayan biki kuma hotuna su cika sitatus, kayan da aka sa sau ɗaya sun tsufa ke nan, don duniya ta riga ta gan su. Ba muna aibata yayi ba, abu ne da ke haɗa kan dangi da ƙawaye. Amma ki tambayi kanki: in babu biki a gaba, hankalinki yana kwanciya, ko kuwa kina neman wani dalilin saye? Wadda matsin jama'a ne kawai ke damunta takan huta in bukukuwa sun lafa. Mai ciwon ba ta hutawa.

Riga ta biyu ita ce sana'a. "Ai sari nake yi." Mutum ya shiga rukunin masu odar kaya daga Sin ko Dubai ko Turkiyya, ya yi ta oda da sunan zai sayar. Kaya su zo, a sayar da biyu, a ba da uku bashi, a ajiye sauran, a sake oda kafin a san an ci riba ko an faɗi. Ɗan kasuwa na gaskiya yana murna ranar da kaya suka fita. In murnarka ta fi yawa ranar da ka yi oda, kuma ba ka da littafin da ke nuna abin da ya shiga da abin da ya fita, to ka binciki kanka.

Maza kuma kada su ce wannan zancen mata ne. Saurayin da ke sauya waya duk bayan 'yan watanni, yana kai tsohuwar Circle ya cika kuɗi ya karɓi sabuwa, ko yana tara takalma da agogo da turare alhali bai biya kuɗin makarantar ƙanensa da ya ɗauki nauyi ba, ciwonsu ɗaya da mai tara mayafai. Bambancin kawai shi ne a majalisar ataya ana kiran nasa gayu.

Ka yi wannan lissafi. A ce sidi 50 ne kawai, sau uku a mako. Ba wanda zai kira wannan ɓarna. A shekara ya zama sidi 7,800. Ka kuma tuna yadda haya take a Accra: doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma kowa ya san ana neman na shekara ɗaya ko biyu. Kuɗin da ake tarawa don wannan rana, in suna zaune a cikin wayar da ake kallon talla da ita, kamar an ba kura ajiyar nama ne. Tsadar rayuwa ta ƙara taƙaita wurin kuskure. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100, gidaje da yawa kuma har yau ba su gama farfaɗowa ba.

In kuɗi sun ƙare

A nan ne hatsarin ya fi girma, domin wayar da ke nuna maka kaya ita ce kuma ke ba ka rance. Dā mai neman bashi sai ya sa takalmi ya je gaban wani ya sunkuyar da kai ya faɗi dalili. Kunyar wannan tafiya ta hana bashi da yawa. Yanzu akwai rancen da ke shigowa cikin minti ɗaya ba tare da an tambaye ka me za ka yi da shi ba. Wasu masu ba da shi suna da lasisi, kuma ko nasu yana da kuɗin ruwa da tarar jinkiri. Wasu kuwa ba su da izinin kowa. A Yunin 2023 Babban Bankin Ghana ya fitar da sunayen manhajojin rance 97 da ke aiki ba lasisi, a watan da ya biyo baya kuma hukumomi suka kai samame a Accra suka kama mutum fiye da 400. Irin waɗannan manhajoji, tun ranar da ka sauke su suke kwashe lambobin mutanenka da hotunanka. Ka yi jinkirin biya, saƙo ya tafi ga surukarka da limaminku da maigidanka a wurin aiki, ana kiranka ɓarawo. A unguwar da mutunci ya fi dukiya, ka san abin da wannan ke nufi. Sai mutum ya ci bashi na biyu don ya rufe bakin na farko.

Daga nan jiki yake fara biya: rashin barci, ciwon kai, faɗuwar gaba duk lokacin da waya ta yi ƙara, saurin fushi da yara, ƙarya tsakanin miji da mata, taɓa kuɗin adashin da aka ba ka amana. Wasu har sukan fara tunanin gara su bar duniya. In kai ne ka kai nan, kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai. Ka faɗa wa wani yau, ka je asibiti yau. Tun 2023 Majalisar Dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuffuka, don haka ba wanda zai kai ka gaban alƙali saboda ka faɗi abin da ke ranka.

Abu biyu da ya kamata iyali su sani

Wani lokaci saye ba kai ba gindi alama ce ta wani ciwon daban. In mutum ya sauya cikin 'yan kwanaki, barcinsa ya ragu ƙwarai amma ba ya gajiya, maganarsa ta yi yawa da sauri, yana jin ya fi kowa, yana rabon kuɗi da ƙulla manyan shirye-shirye, wannan yana iya zama ciwon da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki. Yana da magani, kuma yana buƙatar likita da gaggawa. Na biyu, wasu magungunan ciwon karkarwa na Parkinson, irin su pramipexole da ropinirole, suna iya sa dattijon da bai taɓa almubazzaranci ba ya fara saye ko caca. In kun ga haka, ku koma wurin likitan da ya rubuta maganin. Kada ku tsayar da shi da kanku, tsayarwa farat ɗaya tana da nata hatsarin.

Mayar da shingaye

Tunda waya ta yi ɓarna ne ta hanyar cire shingaye, farkon magani shi ne ka mayar da su da hannunka. Kada ka dogara da ƙarfin zuciya. Zuciyar da ta sha alwashi da safe ba ita ce ke riƙe da waya da tsakar dare ba.

Fara da ganin gaskiya. Ka buɗe saƙonnin MoMo na wata uku da suka wuce, ka ɗauki biro da takarda, ka rubuta duk abin da ka saya wanda ba abinci ba, ba magani ba, ba haya ko makaranta ba. A gefen kowane ka rubuta lokacin da ka saya da halin da kake ciki. Wannan zama ba shi da daɗi, mutane da yawa sukan yi kuka a kansa. Amma a nan za ka ga cewa sayenka yana da lokaci kuma yana da mafari: bayan faɗa da miji, ranar da aka biya albashi, daren da ka ga hotunan bikin wani.

Sannan ka raba kuɗi da waya. Kuɗin haya da na makaranta su koma inda sai ka taka da ƙafa kafin ka taɓa su: asusun banki da ba a haɗa da wayar ba, ko mai susu da aka sani aka amince da shi, ko adashi. A wayar ka bar na kwana biyu ko uku. Kada ka ba kowa lambar sirrinka da sunan ya tsare ka, kuɗin za ka matsar, ba sirrin ba. Ka goge manhajojin kantuna da na rance. Ka rufe sitatus ɗin masu talla, WhatsApp yana ba da damar haka ba tare da sun sani ba, don haka ba zumuncin da zai ɓaci. Ka fita daga rukunonin oda. Da dare waya ta kwana nesa da shimfiɗa. Duk abin da ranka ya biya, ka rubuta shi a takarda ka ba shi kwana biyu. Sha'awar saye kamar hadari take, tana haɗuwa ta yi duhu, in ba a bi ta ba ta watse. Abin da ya cancanci saye zai kai jibi.

Mafi wuya kuma mafi amfani: mutum ɗaya ya sani. Ciwon nan a ɓoye yake ƙiba. Ka zaɓi wanda ba zai tona ka ba kuma ba zai yi maka dariya ba, ka nuna masa takardar nan ta lissafi da jerin bashin duka, har wanda ka fi jin kunyarsa.

Kai kuma da aka zo wa da wannan magana, miji ne kai ko uwa ko yaya, ka sani an ba ka amana mai nauyi. Malamai sun yi ta wa'azi a kan almubazzaranci, kuma mai ciwon ya ji, ya yarda, ya fi ka jin haushin kansa. Gori ba zai ƙara masa komai ba sai ƙuncin da ke kai shi saye. Kada kuma ka yi saurin biyan bashin duka a rufe magana, domin in ba a taɓa tushen ba, sabon bashi yana hanya. Ku zauna ku jera basussukan, ku fara da mai ruwa mafi yawa da kuma amanar mutane, ku je wurin masu bin bashin a yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. Kayan da aka tara ba a buɗe ba, a sayar a rage.

Inda za a je

In ka gwada waɗannan wata ɗaya ko biyu abin ya ƙi, ko kuma akwai baƙin ciki da fargaba da rashin barci tare da shi, lokacin ganin ma'aikacin lafiya ya yi. Zuwa wurinsa ba ya nufin ka haukace. Maganin da bincike ya fi nuna amfaninsa ba ƙwaya ba ce, zaman tattaunawa ne da ƙwararre, sau da yawa cikin rukuni na tsawon makonni, inda ake koyon gane abin da ke tayar da sha'awar da yadda za a bi da ita. Ba a sami ƙwayar da aka tabbatar tana warkar da jarabar saye ita kaɗai ba, amma in akwai ciwon baƙin ciki ko fargaba a ƙarƙashi, maganinsu yana sauƙaƙa sauran.

Ka fara da asibitin da ya fi kusa da kai, kamar Babban Asibitin Maamobi, ka nemi a haɗa ka da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Accra, da na Pantang, da sashen ƙwaƙwalwa na Korle Bu. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ba ka haƙƙin a riƙe sirrinka. Ka tafi da katin inshorar lafiyarka, da takardar lissafin nan, da duk magungunan da kake sha. In masu manhajar rance suna yi maka barazana ko suna aika wa mutanenka saƙo, kada ka goge komai: ka ɗauki hoton saƙonnin, ka kira Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana a lamba 292.

Wannan takarda tana iya tsallaka iyaka a jakar fatake ta isa Lome ko Kano ko Maradi. In a can ta same ka, sunaye ne kawai za su sauya: inda muka ce MoMo ka karanta Flooz ko OPay, inda muka ce sidi ka sa sefa ko naira, inda muka ce Maamobi ka nufi babban asibitin garinku ka tambayi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.